KEKE MAI GIYA UKU A YOLA DA JIMETA: TARIHINSA DA ABIN DA ƘARARSA KE FAƊA



Yau tarihin da na kawo mana ba na sarauta ba ne, ba kuma na kasuwa ba. Tarihin wani ƙarfe ne da bai fi gwangwanin madara girma ba, wanda iyayenmu da yawa suka yi shekaru suna hawa ba su taɓa ganin cikinsa ba. Ina nufin gangar giya da ke tsakiyar tayar baya ta keke mai giya uku.

Ga abin da ya jawo maganar. Bayan an cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin Keke Napep daga cikin Yola zuwa Jimeta ya fara yi mini nauyi, kamar yadda ya yi wa kowa. Sai na tuna da keken mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, wanda ya yi shekaru jingine a ɗakin shirgi. Na fito da shi, na kakkaɓe, na sa masa sababbin tayoyi. Da na hau sai na ji tayar baya tana wani "tik-tik-tik" ko ina cikin tuƙi. Na kai wa wani matashi mai gyara a Jimeta. Ya juya tayar sau ɗaya ya ce giyar ta mutu, a kwance ta a sa ganga mara giya, tsohuwar kuma 'yan gwangwan za su saya a kilo. Saura kaɗan in yarda.

Allah Ya sa na biya ta wajen wani dattijo da ya yi gyaran keke a cikin Yola tun kafin a haife ni. Idonsa ya yi rauni yanzu, ya bar sana'ar. Na gaishe shi na ce, "Baba, an ce giyar nan ta mutu." Ya sa na ɗaga tayar, ya juya feda da hannu, ya kara kunne, ya sauya giya ɗaya bayan ɗaya. Sai ya yi dariya ya ce, "Ɗana, lafiyarta ƙalau. Ƙishirwa take ji." Ya jiƙa tsumma da kananzir ya goge jikin gangar, ya ce in karanta masa abin da na gani. Na ga sunan Sturmey-Archer, na ga haruffa AW, na ga lambobi 74 da 9. Ya ce ma'anarsa an ƙera ta a watan tara na shekarar 1974. Wannan ya yi daidai da abin da muka sani a gida, cewa mahaifinmu ya sayi keken da kuɗin Udoji a 1975.

Ƙarfen da ya kusa shekara 50 yana aiki, ranar nan da ya tafi bola saboda babu kunnen da ya san yarensa. Tun daga lokacin na shiga bin tarihinsa.

DAGA INGILA AKA FARO

A watan Satumba na 1901 sojojin Ingila suka ci Yola da yaƙi, Lamiɗo Zubairu ya fita daga garin da mahaifinsa Modibbo Adama ya kafa a 1841. Shekara ɗaya bayan haka, a 1902, a can Ingila aka yi rajistar giya uku da ke ɓoye cikin gangar tayar keke. Babu wanda zai ce a lokacin abubuwan nan biyu za su haɗu, amma mulkin da ya shigo a 1901 shi ne ya buɗe hanyar da ƙarfen 1902 ya biyo ya iso mana.

Kamfanin da ya ɗauki nauyin giyar shi ne Raleigh, wanda bakinmu ya mayar Rali. Sunan titi ne a birnin Nottingham, inda wani ƙaramin shagon ƙera keke yake. Wani lauya mai suna Frank Bowden, wanda ya tara dukiya a Hong Kong, ya fara hawan keke don neman lafiya, abin ya karɓe shi, sai ya zuba kuɗi a shagon a ƙarshen shekarun 1880 ya mayar da shi babban kamfani. Tambarin nan mai kan tsuntsu da ke goshin keken, kan zalɓe ne.

Sunan da ke jikin gangar kuwa na mutum biyu ne: Henry Sturmey, malamin makaranta da ya koma ɗan jarida mai rubutu a kan keke da mota, da James Archer. Amma masu bin tarihin kamfanin sun nuna cewa wanda ya tsara giyar da aka ƙera ɗin wani makaniki ne mai suna William Reilly. Yarjejeniyar da ke tsakaninsa da kamfanin da ya yi wa aiki a baya ta hana shi sa sunansa, sai aka yi rajista da sunan abokin aikinsa Archer. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ga shi yau mu ma muna neman mu manta da makanikanmu kamar yadda aka manta da shi.

A 1936 aka fito da samfurin AW, irin na keken mahaifinmu. An ci gaba da ƙera shi fiye da shekara 60 ba tare da an sauya tsarinsa sosai ba. Wannan yana da amfani a gare mu: kayan cikin ganga ta shekarun 1950 galibi suna shiga ta shekarun 1970, don haka matacciyar ganga ɗaya tana iya raya biyu ko uku. A hankali Raleigh ya haɗiye kishiyoyinsa, Humber a 1932, Rudge a 1943, Triumph a 1954. Shi ya sa za ka ga kekuna masu suna daban-daban amma gangar giyarsu iri ɗaya.

YADDA YA ISO BAKIN BINUWAI

Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, amma har yau bai zo Yola ba. Hanyarmu ta kaya a wancan zamani kogi ce. Da damina, idan Binuwai ya cika, jiragen ruwa na kamfanonin Turawa kan taso daga bakin teku, su biyo Kwara zuwa Lokoja, su juyo Binuwai har Yola, wasu su wuce Garwa ta Kamaru. Su sauke gishiri, yadi, kananzir da sauran kayan kanti, su kwashi gyaɗa, auduga da fatu. Watanni kaɗan ne a shekara, ruwa na ja baya shi ke nan sai baɗi. Wannan tashar ruwa ita ta raya Jimeta, ta jawo Hausawa fatake, 'yan koli, maɗinka da masu sana'ar hannu, har garin ya zo ya fi cikin Yola hada-hada. Kamfanonin nan, irin su John Holt da UAC wanda aka kafa a 1929, su ne ke riƙe da cinikin kayan Ingila, keke kuma yana cikin kayan da mutanen ƙasar nan suka fi buri.

Ku duba abin da wannan nisa yake nufi. Mutumin da ke garin da kaya ke zuwa da ƙyar ba ya sayen abin da zai lalace gobe. Idan wani ƙarfe ya karye, ba kanti za ka ruga ba, jira za ka yi. Shi ya sa aka fifita keken da ke jure wahala, shi ya sa kuma mai gyara ya zama mutum mai daraja, don shi ke sa abu ya kai shekara goma inda da zai yi biyu.

Yawancin kekunan da suka shigo marasa giya ne, baƙaƙe, masu birkin sanda. Mai giya uku ya fi tsada, sai wane da wane: malaman makaranta, malaman gona, duba-gari, ma'aikatan En'e, manyan 'yan kasuwa. Ma'aikacin gwamnati kan samu bashin sayen keke a riƙa cira a albashi. Keke yana da lasin, wanda bai biya ba yana iya haɗuwa da 'yan doka. Wanda ba shi da hali kuma ya je wajen masu hayar keke ya karɓa na awa ɗaya. Dattawa suna tuna tallar Rali da ake nuna mutum a kan keke zaki na bin sa bai kama shi ba.

Me ya sa giya ta ciki ta dace da ƙasarmu? Kowa ya san Yola. Da hunturu ƙura, da bazara zafin da ke haura digiri 40, da damina taɓo. Giyar waje, irin mai tarin faifai a fili da muke gani a kekunan zamani, duk wannan yana sauka a kanta kai-tsaye. Ta ciki kuwa a rufe take, tana iyo cikin mai. Sarƙa tana tafiya a layi ɗaya, har ana iya rufe ta da murfi, babbar riga ko wando ba sa shiga ciki. Kuma kana iya sauya giya kana tsaye. Wanda ya ɗauro buhun masara ya tsaya a mararraba ya san darajar wannan.

ABIN DA KE CIKIN GANGA

Na roƙi dattijon ya kwance wata tsohuwar ganga da yake ajiye da ita, na gani da idona. A tsakiya akwai sandar da ba ta juyawa, a jikinta akwai ƙaramin faifai mai haƙora 20. Kewaye da shi akwai 'yan faifai 4, kowanne mai haƙora 20, suna zaune a gida ɗaya. Kewaye da su duka akwai zobe mai haƙora 60 ta ciki. Turawa sun kira na tsakiya rana, huɗun nan kuma duniyoyin da ke zagaye ta. Dattijon shi uwa da 'ya'ya yake ce musu.

Sai kuloci, wani ɗan ƙarfe mai fiffike 4 da ke zamewa a kan sandar. Shi ne 'yar sarƙar nan da ke fitowa ta gefen dama take ja idan ka taɓa hannun giya. Sai kuma harsunan ƙarfe ƙanana guda 4, biyu a jikin zobe, biyu a jikin gidan 'ya'ya, kowanne da siririn sifirin a bayansa. Su ne ke kama jikin ganga su tura taya.

Lissafin ba wuya. A giya ta 2, faifan sarƙa ya juya sau ɗaya, taya ta juya sau ɗaya. A giya ta 1, faifan ya juya sau 4, taya ta juya sau 3: tafiya a hankali amma da ƙarfi, don hawa ko kaya. A giya ta 3, faifan ya juya sau 3, taya ta juya sau 4: gudu a miƙaƙƙen titi. Idan waya ta saki gaba ɗaya, giya ta 3 ake samu. Shi ya sa keken da wayarsa ta tsinke yake yin nauyi kamar an ɗaura masa dutse, mai shi ya ɗauka giya ta lalace, alhali waya ce kawai.

YAREN GANGA

Tunda ba a ganin ciki, tsofaffin makanikai da kunne suke aiki. Ga abin da na koya, na rubuta shi don kada ya tafi tare da masu shi.

Na farko, "tik-tik-tik" mai tsabta kana tuƙi a giya ta 2 da ta 3. Wannan alamar lafiya ce. A giyoyin nan biyu harsunan zobe ne ke tura taya, ganga tana gudu fiye da sauran harsunan biyu, sai su riƙa tsallake haƙora suna ƙara. A giya ta 1 idan kana tuƙi shiru za ka ji. Idan ka daina tuƙi keke na gangarawa, kowace giya tana ƙara. Ƙarar da matashin nan ya yanke wa hukuncin kisa ke nan.

Na biyu, shiru a inda ya kamata a ji ƙara, ko ƙarar ta dushe kamar an toshe mata baki. Nan ne abin tsoro. Mai ya daskare ya riƙe harsunan, sifirin ya kasa ɗaga su. Abin da ke jawo haka yawanci man gyaɗa ne ko manja ko giris mai kauri da wani ya ɗura da kyakkyawar niyya. Man girki yana bushewa ya zama danƙo. Idan aka bar shi haka, wata rana za ka taka feda ta wuce fayau ba ta kama komai ba. Maganinsa a wanke ciki da kananzir, a tsiyaye, a zuba mai mai kyau.

Na uku, feda ta zame kana giya ta 2, ƙafa ta faɗa ƙasa ba zato. Tsohuwar AW tana da wani gurbi tsakanin giya ta 2 da ta 3 inda kuloci bai kama komai ba. Idan waya ta ɗan saki, nan yake faɗawa. Mutane da yawa sun ji ciwo ta haka, musamman wanda ya miƙe tsaye a kan feda. Gyaran ba ya cin minti biyar. Ka sa giya ta 2, ka leƙa ta ramin da ke jikin dogon notin dama. 'Yar sarƙar tana haɗe da wata siririyar sanda. Ka murɗa mazugin da ke haɗa waya da sarƙar har kafaɗar siririyar sandar ta yi daidai da bakin sandar taya, sannan ka ɗaure ƙaramin notin da ke kulle shi. Duk lokacin da aka kwance tayar baya don faci, dole a sake wannan saiti. Nan ne yawancin matsala take farawa: mai faci ya mayar da taya, ya ɗaura waya da ka, ya sallame ka.

A kula kuma da ita 'yar sarƙar. Idan za a mayar da ita, a murɗa ta har ƙarshe da yatsa, sannan a dawo da ita baya kaɗan, kada ya wuce rabin zagaye, don ta fuskanci waya. Idan aka ƙulle ta tam ta karkace, ba ta daɗewa take karyewa.

Na huɗu, "ƙas!" mai ƙarfi tare da tsalle idan ka danna feda a giya ta 3, ko da saiti daidai ne. Wannan ciwon ciki ne: bakin kuloci ko kawunan ƙusoshin da yake kamawa sun cinye sun yi santsi. Abin da ke cinye su shi ne sauya giya ana danna feda da ƙarfi, da kuma yawo da saitin da bai daidaita ba. Giya ta ciki tana son ka sassauta ƙafa, ka sauya, sannan ka ci gaba. Nan sai an buɗe an canja ƙarfen, kuma nan ne tsofaffin gangunan da ake zubarwa suke da rana.

Na biyar, gurnani ko ƙarar niƙa da kake ji har a sirdi. Yashi ne ko ruwa ya shiga boris, ko kuma an matse shi fiye da kima. Mu da ke zaune kusa da kogi mun san ambaliyar 2012 da ta 2022, lokacin da ruwan sama ya haɗu da wanda aka sako daga madatsar Lagdo ta Kamaru. Duk keken da ya nutse ko aka ratsa ruwa da shi har ya rufe ganga, kada a jira ƙara, a wanke a sake mai. Wajen saitin boris kuma akwai ƙa'ida: na dama a murɗa shi da yatsa har ya tsaya, a dawo da shi rabin zagaye a kulle, sauran saiti duk ta hagu ake yi, a bar ɗan wasa kaɗan da za a ji a bakin taya. Wanda ya matse don ya kashe wasan nan gaba ɗaya, gangar yake kashewa.

Na shida, ƙwanƙwasa idan ka fara taka feda, taya tana karkacewa, saiti yana gudu kullum. Sandar taya tana da gefe biyu a shafe, akwai kuma wasu wasa na musamman masu hana ta juyawa a cikin ƙafar keke. Yaran gyara kan yar da su su sa na gama-gari. Idan babu su, sandar tana motsi, tana cin ƙafar keke, tana murɗe 'yar sarƙa.

Na bakwai, ƙarar da ba ta ganga ba ce sam. Sarƙa tana gugar murfi, ko ta yi tsauri, ko wayoyin taya sun saki. Dattijon ya ce kafin ka zargi ganga ka daina tuƙi ka saurara, sannan ka sauya giya ka saurara. Ƙarar da ba ta canjawa da canjin giya, a nemi tushenta a waje.

Abincin ganga kuwa ɗan kaɗan ne. Tsofaffin suna da ƙaramar ƙofa mai murfi a jikinsu. Ɗigo biyu ko uku na man inji sabo mara kauri duk bayan mako biyu ya isa. Ba baƙin man da aka juye daga mota ba, don yana ɗauke da garin ƙarfe. Idan ka ga mai yana ɗan tsattsafowa ta gefe, ba lalacewa ba ce, haka yake fitar da datti. Ka goge kawai kada ya sauka a taya ko birki. Keken mahaifinmu cokalin shayi ɗaya aka ba shi ranar nan, aka daidaita waya, na hau na koma gida.

YADDA AKA YI SAKE

A shekarun 1970 Najeriya tana cikin manyan kasuwannin Raleigh a duniya, har kamfanin ya kafa masana'anta a Kano. Amma a shekarun nan ne kuma kuɗin fetur ya sauya idon mutane. Kuɗin Udoji da mahaifinmu ya sayi keke da shi, abokan aikinsa da yawa babur suka saya, Honda ko Suzuki ko Vespa. A 1976 aka ƙirƙiro Jihar Gongola, Yola ta zama babban birni, ma'aikata suka cika gari, motoci suka yawaita. Keke ya koma abin talaka da ɗan ƙauye. Wanda ya hau shi zuwa ofis sai a ce ya ci baya.

Da aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, naira ta faɗi, kayan gyara na Ingila suka yi tsada suka yi wuya. Phoenix na Sin da Hero na Indiya, marasa giya kuma masu araha, suka cika kasuwa. Masana'antar Kano ta shiga halin da sauran masana'antun garin suka shiga. Achaba ta zo ta kwashe samarin da da za su zauna koyon gyara. Har a 2001 da ministan sufuri Ojo Maduekwe ya yi kira a koma hawan keke, dariya aka yi masa. A can Ingila ma labarin bai yi daɗi ba: a shekarar 2000 kamfanin Sturmey-Archer ya durƙushe, kamfanin SunRace na Taiwan ya saye shi ya kwashe injinan zuwa can, a 2002 kuma Raleigh ya daina haɗa keke a Nottingham.

Duk makanikin da ya koyi sana'a bayan wannan lokaci, da wuya ya taɓa buɗe ganga mai giya. Don haka ban ga laifin matashin nan na Jimeta ba. Abin da ba a koya maka ba, ba za ka sani ba. Laifin namu ne da muka bar masu ilimin suka tsufa babu wanda ya zauna a gabansu.

GIYA TA CIKI TA DAWO

Abin mamaki, giyar ba ta mutu ba. SunRace yana ƙera ta har yanzu da sunanta na asali. Kamfanin Shimano na Japan, wanda ya fara tasa giya uku tun 1957, yana da samfurin Nexus mai giya 3, 7 ko 8. Ku duba kekunan gwanjo masu kwando a gaba da ake kawowa daga Japan, waɗanda 'ya'yanmu ke zuwa makaranta da Islamiyya a kansu: da yawa suna da giya ta ciki. Su ma ana cire musu ita a banza.

Saitinsu ya ɗan bambanta. Mai giya 3 tana da ɗan akwati a gefen dama mai tagar leƙawa: a sa giya ta 2, a murɗa mazugin waya har alamar rawaya ta zauna tsakanin layukan da aka zana. Mai giya 7 ko 8 kuwa a giya ta 4 ake saita ta, a daidaita alamomi biyu da ke kusa da faifan sarƙa su fuskanci juna. A bayan akwatin mai giya 3 akwai wata siririyar sanda da ke shiga cikin sandar taya. Tana yawan ɓacewa ko lanƙwashewa, kuma tsawonta iri-iri ne, don haka idan an kwance taya a adana ta. Waɗannan na Japan da giris na musamman suke zuwa, ba su da ƙofar mai. Amma ƙa'idar kunne ɗaya ce: ka san ƙarar kekenka yana lafiya, sai ka gane ranar da ta canja.

ABIN DA NAKE ROƘO

'Yan uwa, da tsohuwar zuma ake magani. Ina da roƙo guda uku.

Duk mai tsohon keke a gida, ya goge gangar baya ya karanta lambar da ke jiki, shekara da wata. Ya rubuta, ya tambayi manya wa ya saya, a ina, da wane kuɗi, ina da ina aka je da shi. Ku kawo wa ƙungiya mu tara. Tarihin gidajenmu ne a rubuce a jikin ƙarfe.

Kada a sayar wa 'yan gwangwan ganga mai giya, ko ta mutu. Kuɗin kilo ba zai sayi ko harshe ɗaya daga cikinta ba, kuma ba a samunsu a kanti.

Sannan a taronmu na wata mai zuwa zan gabatar da shawara, in shugabanni sun amince, mu nemo dattawan da suka rage masu wannan ilimi a Yola da Jimeta, mu haɗa su da samari masu gyara ko da mutum biyar ne, mu ɗauki nauyin ɗan abin da za a ba malaman. Dattijon da ya ceci keken mahaifinmu ya ce a shirye yake, idonsa ne ya tafi, hannu da kunne suna nan. Ba a fafe gora ranar tafiya, shekarunsa kuma sun ja.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu, Ya ƙara wa dattawanmu lafiya, Ya sa albarka a sana'o'inmu. Wanda ya ga kuskure a abin da na rubuta, ko yake da ƙarin bayani daga gidansu, ƙofa a buɗe take.

Wassalam.
Sakataren Ƙungiya